Aika murya kai tsaye ta intanet daga karkara: yadda ake saita na'urori don rage jinkiri da yankewar sauti

Duk mai sauraron rediyo a jihar Maradi ya san wannan lokaci. Mai gabatarwa ya ce bari mu je wurin wakilinmu, sai a yi shiru na sakan biyu ko uku, sannan muryar wakilin ta iso tana yankewa, wani lokaci ma su biyun su yi ta magana a kan juna. Yawanci akan ce laifin rezo ne, a wuce wurin. Rezo yana da nasa laifin, amma wani kaso mai yawa na matsalar yana cikin saitin na'urorin da ke hannun gidan rediyo, kuma gyara shi ba ya cin ko dala.

Lamarin ya wuce daɗin sauraro. A ɗauki Ajekoriya, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Dakoro, kudu da garin Dakoro, inda manoma da makiyaya ke zaune kusa da juna. Bayan girbi, hukumomi kan tsayar da ranar sakin gonaki, wato ranar da dabbobi za su iya shiga cin kara. Idan wakili ya ce "ranar ashirin da biyar ga wata", rabin sakan ya zube daga tsakiyar maganarsa, mai sauraro na iya jin "ranar biyar ga wata". Tsakanin ranakun biyu akwai kwana ashirin, ga kuma dammunan hatsi da ba a gama kwashewa daga gona ba. Haka abin yake ga farashin tiyar wake a kasuwa ko ranar allurar rigakafin yara.

Daga wayar salula zuwa intanet

Gidajen rediyo masu zaman kansu sun fara aiki a Nijar a tsakiyar shekarun 1990, rediyon karkara na farko kuma ya buɗe a Bankilare, jihar Tillaberi, a 1999. Shekaru da dama wakilan waɗannan tashoshi sun dogara ga kiran salula. Kiran salula na gargajiya ba ya jinkiri sosai, sai dai yana matse murya tsakanin hertz 300 da 3,400, shi ya sa take fitowa siririya kamar daga cikin gwangwani.

Zuwan 3G da 4G ya ba da damar aika murya mai tsabta kamar ta situdiyo ta layukan Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms. Manyan tashoshi suna amfani da akwatunan kamfanoni irin su Comrex, Tieline, Barix ko AETA na Faransa. Ƙananan tashoshi kuwa salula da kwamfuta suke haɗawa, da manhajoji irin su Cleanfeed, Luci Live, OBS Studio ko BUTT. Sunayen sun bambanta, amma abubuwan da ake saitawa a cikinsu kusan iri ɗaya ne.

Yadda murya ke tafiya

Intanet ba ta ɗaukar murya a dunƙule. Wata manhaja da ake kira kodek tana yanka sautin gunduwa-gunduwa, ta matse kowace gunduwa, ta sa ta cikin fakiti mai lamba da adireshi. A saitin da aka fi amfani da shi, kowane fakiti yana ɗauke da milisakan 20 na murya. Milisakan 1,000 ne sakan guda, ke nan fakiti 50 ke tashi a kowane sakan. Gaɓar kalma guda, kamar "ba" ko "sha", takan ci fakiti goma ko kusa da haka.

Fakitocin nan kamar motocin kasuwa suke da suka bar tasha ɗaya a jere. Wata ta isa da wuri, wata ta tsaya a hanya, wata ta wuce wadda ta riga ta tashi, wata kuma ba ta isa ba sam. Daga nan ne matsaloli uku suke fitowa.

Ta farko ita ce jinkiri, abin da menu na Faransanci ke kira latence: tsawon lokacin da murya ke ɗauka daga bakin wakili zuwa kunnen mai gabatarwa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a shawararta mai lamba G.114, ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba a tafiya ɗaya ba ya damun hira, wanda ya haura 400 kuwa ya yi yawa ga zance na ba-ni-in-ba-ka. Don a gane girman wannan, sauti yana tafiyar mita 340 a sakan cikin iska, saboda haka milisakan 150 daidai yake da jin muryar mutumin da ke nesa da kai da mita hamsin.

Ta biyu ita ce tangal-tangal ɗin isowa, gigue da Faransanci. Fakiti ɗaya ya iso cikin milisakan 60, na bayansa ya ɗauki 300. Wannan ita ce babbar cutar rezon salula, domin mutane da yawa ne ke rabon antan guda, kuma kowane lokaci yawan masu amfani da ita yana canzawa.

Ta uku ita ce ɓacewar fakitoci. Idan kashi 1 cikin 100 ya ɓace, ana rasa fakiti guda a kowane sakan biyu, kunne ba ya cika lura. A kashi 5 cikin 100 ana rasa fakiti biyar a kowane sakan biyu, murya ta fara karkarwa. Mafi muni shi ne ɓacewa a jere, inda fakiti goma ko ashirin za su tafi lokaci guda, su tafi da kalma sukutum.

Wani jinkirin kuma ba shi da magani daga ɓangaren gidan rediyo. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan cikin wayar fibar, wato milisakan 5 a kowane kilomita 1,000. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta tana bi ta maƙwabta kafin ta kai ga wayoyin ƙarƙashin ruwa. Idan manhajar da wakili ke amfani da ita tana ratsawa ta wata babbar kwamfuta, wato sabar, da ke Turai, muryar da ta tashi daga Ajekoriya sai ta je Faransa ko Jamus ta dawo kafin ta shiga situdiyon Dakoro. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Nijar na cikin ƙasashen da abin ya shafa. Tauraron ɗan Adam irin na dā, da ke tsaye a nisan kilomita 35,786, yana cin kusan milisakan 240 a hawa da sauka kaɗai. Taurarin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, suna yawo a nisan kimanin kilomita 550, don haka jinkirinsu ƙarami ne ƙwarai.

A auna kafin a saita

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba sandunan rezo a fuskar salula a ce komai lafiya. Sandunan suna nuna ƙarfin siginar antan ne kawai, ba sa nuna cunkoso. Haka kuma gwajin saurin intanet yakan burge mutum da adadin saukewa, alhali wakili aikawa yake yi, kuma hanyar aikawa ta fi ƙunci a rezon salula.

Abin aunawa mafi sauƙi shi ne ping, wanda ke cikin kowace kwamfuta, akwai shi kuma a manhajojin Android na kyauta. A Windows ana rubuta ping -n 100 sai adireshin sabar ko na situdiyo. Bayan minti biyu zai ba da lambobi huɗu: mafi ƙarancin lokacin zuwa da dawowa, mafi yawa, matsakaici, da kason da ya ɓace. A rubuta su a littafi tare da wuri, rana da sa'a.

A yi gwajin a daidai wurin da za a tsaya, a kuma daidai lokacin da za a yi shirin. Filin kasuwa da hantsin ranar da ba ta ci ba daban yake da filin nan ranar kasuwa da azahar, lokacin da ɗaruruwan wayoyi ke kan antan guda. A duba kuma harafin da ke saman salula. Idan 4G ne ko H+, ana iya aiki. Idan E ne, rezon ya koma 2G, jinkirinsa yakan kai ɗaruruwan milisakan, kuma ba a dogara da shi wajen hira kai tsaye.

Zaɓen kodek da nauyin sauti

Ga muryar ɗan jarida a rezo mai rauni, kodek ɗin da ya fi dacewa shi ne Opus. Ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta wallafa shi a watan Satumba 2012 a takarda mai lamba RFC 6716, ba a biyan kuɗin lasisi a kansa, kuma shi ne ke ɗauke da saƙonnin murya na WhatsApp. Yana aiki daga kilobit 6 zuwa 510 a sakan, jinkirinsa na kansa kuma milisakan 26.5 ne a saitin da ya zo da shi. MP3 ya girme shi, ya fi shi jinkiri, kuma ba a gina shi don jure ɓacewar fakitoci ba.

Magana zalla ba ta buƙatar fiye da kilobit 24 zuwa 32 a sakan, a layi ɗaya, wato mono. Idan akwai kiɗa, kamar kalangu a filin kokowa ko waƙar biki, a ɗaga zuwa 48 ko 64. Ɗaga nauyi fiye da abin da rezo zai iya ɗauka ba ya ƙara tsabta, cunkoso yake jawowa, fakitoci su taru a layi, a zubar da na baya.

Ga lissafin forfe. Kowane fakiti yana da kan adireshi na bayit 40. A fakiti 50 a sakan, adireshin kaɗai yana cin kilobit 16. Saboda haka murya mai kilobit 32 tana zama 48 a kan hanya, kimanin mega 22 a awa. Mai kilobit 64 tana cin mega 36. Idan situdiyo yana mayar wa wakili da murya a nauyi ɗaya, sai a ninka biyu. MP3 mai kilobit 128 kuwa yana cin kusan mega 58 a awa tun ba a sa adireshi ba.

Ana iya tsawaita fakiti daga milisakan 20 zuwa 40. Yawan fakitoci ya ragu zuwa 25 a sakan, murya mai kilobit 32 ta sauko zuwa mega 18 a awa. Illarsa ita ce duk fakitin da ya ɓace yana tafiya da ninki biyu na murya.

Rumbun jira

Maganin tangal-tangal yana ɓangaren mai karɓa. Na'urar situdiyo ba ta sakin fakiti da zarar ya iso. Tana tara su a wani ɗan rumbu, ta jera su bisa lamba, sannan ta riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya a kan lokaci. Teknisiyoyi suna ce masa bafa, menu na Faransanci kuma mémoire tampon. Fakitin da ya iso bayan lokacinsa ya wuce, jefar da shi ake yi, tamkar bai zo ba.

A nan ne cinikin yake. Babban rumbu yana jiran fakitocin da suka makara, murya ta fito sumul, amma duk milisakan da aka ƙara masa ya ƙaru a kan jinkiri. Ƙaramin rumbu yana sa hira ta yi sauri, murya kuma ta riƙa tsinkewa. Masu son a ji kamar wakili yana cikin situdiyo sukan matse rumbun har ƙasa, daga baya a yi ta "ba mu ji ka ba, maimaita". Sauri ya haifi nawa.

Hanya mai sauƙi ta samun adadin farawa ita ce a cire ƙaramar lambar ping daga babbar. A ce gwaji ya ba da 80 mafi ƙaranci, 400 mafi yawa. Bambancin 320 ne, sai a fara da rumbu na milisakan 350, a saurara minti biyar, a rage kaɗan-kaɗan har a ji alamar tsinkewa, sannan a koma mataki ɗaya baya.

Na'urori da yawa suna da rumbu mai daidaita kansa, yana faɗaɗa idan rezo ya rikice, ya tsuke idan ya lafa. Yana da kyau ga hira, muddin an sa masa iyakar ƙasa da ta sama, misali 100 zuwa 800. Ga shirin da ba a mayar da magana, kamar zaman majalisar ƙaramar hukuma ko jawabin magajin gari, a kafe rumbun a sakan biyu ko uku. Babu mai sauraron da zai san jawabin ya makara da sakan uku, amma kowa zai ji idan ya yanke.

Cike gurbin abin da ya ɓace

Dabara ta farko tana cikin kodek, ana kiranta PLC. Idan fakiti ya ɓace, na'urar tana ƙirƙiro sauti mai kama da wanda ya gabata ta toshe ramin. Tana rufe fakiti ɗaya ko biyu ba tare da an lura ba, ba ta iya dawo da kalma.

Ta biyu ita ce FEC, wato aika kariya tun kafin a yi asara. A Opus, idan an kunna ta, kowane fakiti yana ɗauke da ƙaramin kwafi na wanda ya gabace shi. Idan na 7 ya ɓace, sai a ciro shi daga cikin na 8. Tana aiki ne a yanayin magana na kodek ɗin, kuma akwai gurbin da ake rubuta kason ɓacewar da ake tsammani. A sa abin da ping ya nuna, a ɗan ƙara kaɗan. Raunin FEC shi ne ɓacewa a jere: idan na 7 da na 8 da na 9 duk sun tafi, kwafin ya tafi tare da su.

Ta uku ita ce sake aikawa. Mai karɓa ya lura lamba kaza ba ta zo ba, ya nemi a sake turo ta. Tsarin SRT, wanda kamfanin Haivision ya saki kyauta a 2017, haka yake aiki, kuma OBS Studio yana ɗauke da shi. Yana zuwa da jinkirin milisakan 120, wanda ya yi kaɗan ga rezon salula. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ninka matsakaicin ping sau huɗu: idan 150 ne, a sa 600. A kula, a OBS da FFmpeg ana rubuta wannan adadi da mikrosakan, wato 600000. Wanda ya rubuta 600 kawai bai ba shi ko milisakan ɗaya cikakke ba.

Ta huɗu ita ce hanya biyu. Akwatunan Comrex da Tieline suna iya aika murya ɗaya ta layuka biyu lokaci guda, situdiyo ya ɗauki duk fakitin da ya riga isowa. Sharaɗin shi ne layukan su kasance na kamfanoni daban-daban, domin kati biyu na kamfani ɗaya antan ɗaya suke hawa. Forfe yana ninkuwa, amma ita ce kariya mafi ƙarfi daga ɓacewa a jere.

Amsa-kuwwa da abin da ake mayar wa wakili

Inda akwai jinkiri, wakilin da ke jin muryarsa tana dawo masa bayan rabin sakan ba ya iya magana, sai in'ina. Don haka abin da konsol ke mayar masa dole ya ƙunshi komai ban da muryarsa shi kansa. Teknisiyoyin da suka yi karatu da Faransanci suna kiran wannan N-1. A konsol mai sauƙi ana yin sa ta mafitar AUX: a buɗe ta ga mikron mai gabatarwa da kiɗa, a rufe ta ga layin wakili. Wakili ya sa abin sauraro a kunne, kada ya bar akwatin rediyo a kunne kusa da mikro. Mai gabatarwa kuma ya yi tambaya cikakkiya ya yi shiru, ya bar "to" da "na'am" da aka saba jefawa a tsakiyar zance, domin suna isa ne bayan wakili ya shiga wata jimla.

Masu sauraro ta intanet

Aika shiri ga ƴan gundumar da ke ci-rani a Kano, Agadas ko Libiya wani aiki ne daban. A nan ana amfani da sabar irin ta Icecast, ko Facebook da YouTube, waɗanda ke bin tsarin TCP. Shi TCP ba ya barin fakiti ya ɓace, yana tsayar da komai har sai an sake turo wanda ya ɓata. Sakamakon shi ne jinkiri na sakan da yawa, wani lokaci har talatin. Mai sauraron kokowa ta intanet zai ji ihun maƙwabcinsa mai FM kafin a kai ga kayen a wayarsa. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma bai kamata a matse rumbu don gyara shi ba. Abin da ya dace shi ne a rage nauyi zuwa kilobit 32 ko 48 da Opus ko AAC+, don forfen mai sauraro ya daɗe, a kuma kunna sake haɗawa da kai a manhajar aikawa. Kada a yi amfani da wannan hanya wajen hira da wakili. Hira tana bin UDP, wanda ba ya jiran kowa.

Kafin a shiga iska

A kashe sabunta manhajoji da ajiyar hotuna ta intanet a salular da ke aikawa, a hana kowa hawa wifi ɗinta. Hoto guda da wani ya tura yana iya cika hanyar aikawa na sakan da yawa. Idan salula ce ke ba kwamfuta intanet, a haɗa su da wayar USB maimakon wifi. Inda rezo ke tsalle tsakanin 3G da 4G, a kafe wayar a kan wanda ya fi zama daram, domin a lokacin sauyawar ne fakitoci ke zubewa a jere. Ɗaga waya sama da mita biyu ko uku, ko matsawa daga bayan ginin kwano, yakan canza sakamakon ping fiye da kowane saiti. A ajiye waya a inuwa, don zafin watan Afrilu yana sa ta rage gudu da kanta. A situdiyo kuma, kwamfuta da akwatin intanet su kasance a kan batir, saboda ɗaukewar kuran na sakan ɗaya yana jawo minti biyu ko uku na sake tashi.

A riƙa naɗar shirin a wayar wakili ko da yana tafiya kai tsaye, a kuma ajiye layin kira na gargajiya a haɗe da konsol. Idan intanet ta faɗi, a koma kira, da babu gara ba daɗi, daga baya a turo naɗin mai tsabta ta WhatsApp don maimaici. Sanarwar da ta ƙunshi rana, adadi ko sunan wuri kuwa, wakili ya faɗe ta sau biyu, mai gabatarwa ya sake karanta ta daga situdiyo, wakilin ya tabbatar kafin a rufe layi.